Kafin ka biya kuɗin babban fili a ƙauyukan bakin teku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan babbar Sallah mutum huɗu suka tare ni da magana ɗaya, biyu a ƙofar masallaci nan Nima, ɗaya a Tulaku wajen 'yan shanu, ɗaya kuma ƙanwar matata ce da ke zaune a Jamus ta kira ni a WhatsApp, kowa cewa yake yana son babban fili a ƙauye kusa da teku, wani eka goma, wani ashirin, wani har hamsin, wani gona zai yi, wani garke, wani kuma kawai ya ajiye ma yara. Ni ɗan kasuwa ne, amma wannan ciniki na yi shi sau biyu, na farko ya cinye mani kuɗin da har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, na biyu kuma Allah ya sa albarka, yau shekara shida muna noma a wurin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abun da na koya, dan kar wani ɗan Zango ya faɗa ramin da na faɗa.

Tukuna ma, me za ka yi da filin? Dan bakin tekun Ghana ba iri ɗaya ba ne. In ka bi hanyar Aflao, ka wuce Tema, Prampram, Ningo, Dawa, Sege har Ada, fili ne shimfiɗaɗɗe mai ciyawa, ruwan sama kaɗan ne, a shekara bai cika kai milimita 900 ba, wurin shanu ne da kankana da tumatur da barkono, kuma in ba ka da hanyar ban ruwa to rabin shekara kallon filin kawai za ka yi. In ka bi ta Kasoa, Winneba, Apam, Mankessim, nan ne wurin abarba da rogo da masara, abarbar Ekumfi mai zaƙin nan duk daga can take. In kuwa ka wuce Takoradi ka shiga Ahanta da Nzema, Axim har Half Assini, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, Axim na samun sama da milimita 2000 a shekara, ƙasar kwakwa ce da roba da kwakwar manja, ka kai shanu can sai dai ka wahalar da su. To mai son garke da mai son gonar kwakwa ba hanya ɗaya za su bi ba tun daga tasha.

Mai niyyar kwakwa kuma ya san da ciwon nan da ake kira Cape St Paul, wanda aka fara gani a Woe kusa da Keta a 1932, daga baya ya bayyana a Cape Three Points ya cinye gonaki ba iyaka. In ka shiga fili ka ga kututturan kwakwa tsaye ba kai kamar falwayar wuta, to ciwon ya bi ta nan. Ba wai a fasa ba ne, sai dai irin da za ka shuka ka samo shi daga masu binciken kwakwa na CSIR, hukumar binciken kimiyya ta gwamnati, da ke Sekondi, kar ka sayi irin bakin hanya.

Sai shi tekun kansa. Ejan, wato dillalin fili, zai kai ka da yamma, iska na kaɗawa, rana na faɗuwa cikin ruwa, ya ce Alhaji dubi wannan, nan da shekara biyar otal za a gina a nan. Ka ji daɗin iskar amma ka riƙe aljihunka. Tekun nan cin ƙasa yake, musamman gabas, tun da aka gina dam ɗin Akosombo a 1965 yashin da kogin Volta ke kawowa bakin teku ya ragu. Je ka Keta ka ga abun da ya rage na tsohon gidan yarin Turawa na Prinzenstein, sai da gwamnati ta zuba duwatsu a farkon shekarun 2000 kafin garin ya samu sa'ida. Fuveme gari ne guda da makaranta da gidaje, teku ya haɗiye shi. A watan Nuwamba 2021 igiyar ruwa ta shiga ƙauyukan Keta da Anloga da Ketu ta kudu cikin dare ta raba dubban mutane da gidajensu. Kuma ba teku kaɗai ba, a 2023 da aka saki ruwan Akosombo kowa ya ga yadda Mepe ta nutse. Dan haka ni shawarata kar ka nemi filin da ƙafarsa ke cikin ruwa, ka ja baya kilomita biyu, uku, biyar, inda ƙasa ta ɗan tashi, iskar za ta same ka a can ma. Kusa da ruwa sosai gishiri ne ke cin komai, kwanon rufi, wayar shinge, injin ban ruwa, har kwaɗon ƙofa sai ya yi tsatsa cikin 'yan watanni.

Kuma ka ga fili sau biyu aƙalla, sau ɗaya da rani sau ɗaya a tsakiyar watan Yuni bayan an tafka ruwa, in da hali ka daidaita zuwanka da tsayuwar wata ko daren sha huɗu, lokacin ne teku ke cika ya tura ruwa cikin fadamu. Filin da ka gani a Janairu busasshe ƙayau, a Yuni sai ka tarar da agwagwa na iyo a tsakiyarsa. Gani ya kori ji. Ka dubi ƙasar, in ka ga farin gishiri ya feso a sama ko ramukan ƙaguwa, ka san ruwan gishiri na zuwa nan. Ka nemi rijiya mafi kusa ka ɗebo ruwan ka kurkure baki da shi. Ni na yi haka a wani wuri bayan Sege, ruwan garau a ido, da na sa a baki sai ka ce an jiƙa kanwa, matar da ke wanki a gefe ta yi dariya ta ce ai ko sabulu ba ya kumfa da shi, ruwan sha daga tanka suke saye. Wannan magana tata ta fi mani duk abun da ejan ya faɗa tun safe. Kafin ka yi lissafin bohol ka tambayi waɗanda suka haƙa a kusa me suka samu.

Toh yanzu ga babbar maganar, wadda ita ce ta ƙone ni. Wa ke da ikon ba ka wannan fili? A Ghana kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasa a hannun gargajiya take, ko ta kujerar sarauta ko ta dangi ko ta zuri'a. A wasu wurare sarki ne ke bayarwa da yardar dattawansa, a wasu wuraren kuwa, kamar yawancin ƙasar Ningo da Prampram da Anlo, sarki ba shi da ta cewa a kan filin da ba na gidansu ba, shugaban dangi ne da manyan gidan. A ƙasar Fante za ka ji ana cewa Ebusuapanyin, shi ne shugaban dangi. To in ka biya Nana, wato sarki, alhali filin na dangi ne, ko ka biya ɗan gidan alhali ba shi ne shugaba ba, sadaka ka yi.

Ni abun da ya same ni kenan. Wani ejan ne ya haɗa ni da wani mutum a gabas, dattijo mai furfura, da zane a kafaɗa, kowa a hanya na gaishe shi, ya nuna mani eka goma sha biyu ya ce na kakansa ne, ya fito da tsohuwar takarda mai tambari. Na kawo kawuna muka gani, kawu ya ja ni gefe ya ce, kai yaro, ina sauran 'yan gidan, fili kamar wannan mutum ɗaya ba ya sayar da shi. Na ce Kawu ai shi ne babbansu, kuma ance wani daga Tema zai kawo kuɗi jibi. Kawu ya ce to in na Tema ya riga ka ai ba rabonka ba ne. Ban ji ba, na biya fiye da rabi a ranar, a cikin leda, da rasit na littafin kasuwa. Bayan wata huɗu na kai masu sara, sai ga wata tsohuwa da samari shida, ta tsaya a tsakiyar filin ta ce wa ya aiko ku. Ashe gidan ƙofa uku ne, zuri'ar matan kakan su uku, kuma shugaban dangi na ainihi yana kwance ba lafiya a wani gari, wanda ya karɓi kuɗina ƙaninsa ne daga wata ƙofar, ba wanda ya wakilta shi. Shekara biyu ina zirga-zirga, a ƙarshe abun da ya dawo hannuna bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ba kuɗin ne kawai ya yi mani ciwo ba, a ciki har da na adashin mahaifiyata.

Dan haka duk wanda ya ce maka wani na zuwa jibi da kuɗi, ka ce Allah ya ba shi sa'a. Fili mai tsabta ba ya gudu.

Yadda na yi a karo na biyu, a wani ƙauye tsakanin Winneba da Apam, shi ne zan so kowa ya yi. Bayan ejan ya nuna mani, na koma ni kaɗai ba tare da shi ba, ranar Talata, ranar da masunta ba sa shiga teku kowa na gida. Na zauna wajen mai sayar da koko, na sayi na sidi kaɗan, muka yi hira. Na je wajen ɗan asambli na yankin, wato kansila. Na nemi 'yan uwanmu na zangon garin, dan kusan ba garin da za ka je a hanyar nan ba ka samu zango ba ko da gida biyar ne, Kasoa kanta ai sunanta daga kasuwa ya fito. Limaminsu ya fi shekara talatin a wurin, na ce Malam wannan fili na bayan rafi na waye, ya ce na gidan su wane ne, amma gefen yamma akwai magana tsakaninsu da maƙwabta tun ina saurayi, kar ka yarda a haɗa maka da shi. Kaga wannan ba za ka same shi a kowane ofis ba. Ka tambayi mutum biyar da ba su san juna da zancenka ba, in duk suka kira gida ɗaya to ka kama hanya, in suka rabu biyu ka tattara ka bar wurin.

In filin na sarauta ne, ka bincika ko akwai rigimar kujera, dan gari mai sarki biyu fili ɗaya sau biyu ake sayar da shi. Sunan sarkin da gwamnati ta sani yana cikin rajistar Majalisar Sarakuna ta Ƙasa da ke Kumasi, kuma kowace jiha na da nata majalisar, ta Greater Accra tana Dodowa, ta Central tana Cape Coast. Lauyanka zai iya dubo maka.

Sai zagayen iyaka, kuma da ƙafa, ba daga cikin mota ba. Babban fili a ƙauye ba kamar fuloti ba ne na Amasaman da za ka tsaya a kusurwa ka ga ƙarshensa. Mu mun fita bayan asuba da takalmin roba, wani tsoho na gaba da adda yana sara hanya, yana cewa daga wannan rimin zuwa wancan suri, daga surin zuwa inda rafi ya karya. Na nace sai an kira masu iyaka da filin ta kowane ɓangare, uku suka zo, na huɗu ya aiko ɗansa. A wata kusurwa aka tsaya aka yi ta musu da Fante kusan rabin awa a kan wata bishiya, a ƙarshe aka ja baya taku goma sha biyar. Gara a yi wannan musun a gabanka kafin ka biya da a yi shi da kai bayan ka shuka. A cikin zagayen ka buɗe ido: akwai gonar wani a ciki? Mai noma ne na abunu ko abusa, wato masu raba amfani biyu ko uku da mai ƙasa? In akwai, wa zai sallame su, kuma yaushe? Akwai kabari, akwai kurmin da suke tsafi ba a shiga, akwai hanyar da mata ke bi zuwa rafi ko masunta ke bi zuwa inda suke jan kwalekwale? Waɗannan ba a toshe su ko da sun faɗo cikin takardarka, in ka toshe ka sayi gaba da gari guda. Ka kuma duba ko akwai tsofaffin pila na siminti a ɓoye cikin ciyawa, in ka ga pila mai lamba to wani ya riga ka aunawa.

Maganar awo kuma, a ƙauye za ka ji ana lissafi da igiya ko da pol, kuma igiyar wannan gari ba ita ce ta wancan ba. Kar ka yi ciniki a kan wannan, cinikin biri a sama ne. Eka ɗaya ƙafa 43,560 ce murabba'i, wato fuloti huɗu da 'yan kai na ƙafa 100 da 100, ko shida na 70 da 100 in ba a cire hanya ba, hekta ɗaya kuma kusan eka biyu da rabi ce. Ku yi ciniki a kan farashin eka ɗaya, jimla kuma sai abun da awo ya nuna. Mu an ce mana eka 25 ne, da aka auna 22 aka samu. Safiyo kuma, wato mai awon fili, naka ne za ka kawo, mai lasisi wanda sunansa ke cikin jerin da hukumar filaye, wato Lands Commission, ke fitarwa, ba na mai sayarwa ba, ya ɗauki lambobin kusurwoyi da na'urarsa ya yi maka sayit filan sabo, wato taswirar filin. Kar ka karɓi filan ɗin da aka miƙo maka daga aljihu, an sha ba mutane filan na wani wuri daban, su yi bincike ya fito fes, alhali filin da aka nuna masu wani ne.

Da wannan filan naka za ka je Lands Commission na jihar da filin yake, na Accra yana Cantonments, in filin a Central yake Cape Coast za ka, Western kuma Sekondi, Volta kuma Ho. Ka nemi cikakken bincike, wanda muke cewa sac, ka biya kuɗin a banki ka karɓi rasit, kar ka ba ɗan tsaye a bakin ƙofa ya ce zai kawo maka gobe. Sakamakon zai nuna ko an taɓa rubuta filin da sunan wani, ko akwai hukuncin kotu a kai, ko gwamnati ta taɓa karɓe shi. Wannan na ƙarshen yana kama mutane sosai, akwai filayen da gwamnati ta karɓa tun zamanin Nkrumah ba ta yi komai a kai ba, dangi suka ci gaba da noma har jikoki suka ɗauka nasu ne. Amma ka sani, in sac ya fito ba komai a rubuce ba yana nufin fili lafiya yake ba, yawancin filin ƙauye ba a taɓa rubuta shi ba sam, shi ya sa tambayar mutanen gari da ta ofis dole a haɗa su. Ka sa lauya ya leƙa rajistar kotun yankin ma ko akwai ƙara a kai.

Daga nan ka shiga ofishin tsara gari na asambli ka tambaya me aka ware wurin dan shi, kar ka sayi inda za a bi da babbar hanya ko wayar wuta mai ƙarfi. Akwai kuma wurare biyar a bakin tekun nan da aka keɓe tun 1992 saboda tsuntsaye da ruwa, ana ce masu Ramsar: Muni-Pomadze a Winneba, bakin kogin Densu, Sakumo a Tema, Songor a Ada, da tabkin Keta. Kowa ya ga yadda aka rushe gine-gine a Sakumono, gefen Sakumo ɗin nan. Ko da sarki ya sa hannu, ko da araha kamar kyauta, ka nisanci waɗannan. Sannan abun da ke ƙarƙashin ƙasa ba naka ba ne, tsarin mulkin 1992 ya sa duk ma'adinai a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, to a yanki irin Ewoyaa kusa da Mankessim inda aka samu litiyam, ka duba a hukumar ma'adinai, wato Minerals Commission, ko an ba wani kamfani wurin. Kuma kar ka sayi fili saboda jita-jita. Shekara nawa ake cewa za a gina filin jirgi a Prampram? Da aka gano man fetur na Jubilee a cikin teku a 2007 mutane suka ruga yamma suka sayi daji da tsada, da yawansu har yau ciyawa ce ke ciki. Ka sayi filin da zai amfane ka ko ba a gina komai kusa da shi ba.

In duk wannan ya yi kyau sai zaman gida. Ka je da dattijonka da lauyanka da wanda ke jin yaren sosai. A fada ba ka magana da sarki kai tsaye, ko Nana ake ce masa ko Nene ko Togbi, ta bakin kakakinsa, wato okyeame, ake bi. Al'adarsu a kawo kwalbar giya a buɗe magana, mu kuma ba ma ɗaukar wannan. Kawuna ne ya yi magana, ya ce ku gaya ma Nana mu Musulmi ne, muna girmama gidan nan, ga goron gaisuwa a ambulan, su yi abun da al'adarsu ta ce da hannunsu. Ba wanda ya ɓata rai, sun saba da mu. Abun da za ka nace a kai a zaman shi ne kowace ƙofa ta gidan a ga wakilinta, har da manyan mata, dan a ƙasar Fante gado ta wajen uwa yake bi. In kuwa wani mutum ne ya saya a da yake son sayar maka, ka ga takardarsa ta asali, ka koma wajen dangin da suka ba shi su tabbatar, kuma matarsa ta sa hannu, dan dokar ƙasa ta 2020, wato Act 1036, ta ce abun da aka samu tare cikin aure ba a sayar da shi sai da rubutacciyar yardar ɗayan.

Kuɗi kuma kashi-kashi. Kaɗan bayan sac, wani bayan an kafa pila a gaban maƙwabta, wani ranar sa hannu, ragowar sai takarda ta shiga Lands. Ta banki ko cek, da sunan da dangi suka amince a rubuce, ba leda ba, ba MoMo na wani yaro ba. Ka ɗauki hoto da bidiyo na zaman, kowa da Ghana Card ɗinsa, wanda bai iya karatu ba a karanta masa da yarensa a rubuta cewa an karanta kafin ya dangwala.

Ga wani abu da 'yan uwa da yawa ba su gane ba: muna cewa saye, amma a doka haya ce mai tsawo, lis. Tsarin mulki ya hana a ba kowa ƙasar sarauta har abada, dokar 2020 kuma ta haɗa da ta dangi da ta zuri'a. Na gina gida an saba ba ɗan ƙasa shekara 99, na noma kuwa sau da yawa 50 ne ko ƙasa da haka, to ka karanta indenca, wato takardar yarjejeniyar filin, da kyau ka ga shekara nawa aka rubuta, kuma a sa cewa in ta ƙare kai ko magadanka za ku sabunta. Wanda ba ɗan Ghana ba, 'yan uwanmu na Nijar da Najeriya da Burkina, ba ya wuce shekara 50 a lokaci ɗaya, haka ma kamfanin da baƙi ke da sama da kashi 40 a ciki. A rubuta abun da za ka yi da filin ɓaro-ɓaro, in shanu za ka kawo a rubuta shanu, a faɗi inda za su sha ruwa da hanyar da za su bi, dan ranar da saniya ɗaya ta shiga rogon wani za ka ji ana cewa mu ba mu san da shanu ba. Akwai kuma kuɗin ƙasa na shekara-shekara, in ta sarauta ce ofishin Stool Lands mai kula da kuɗin ƙasar sarauta ake biya, a faɗi nawa ne da yadda za a riƙa ƙara shi. Filin noman da ya wuce eka 50 kuwa sai Lands Commission ta jiha ta duba ta amince kafin a rubuta, har da jin ta bakin mutanen gari, babbar gona kuma tana buƙatar izinin EPA, hukumar kare muhalli. Da an sa hannu ka kai a buga stam cikin wata biyu ka shigar da rajista, kar ka ajiye indenca a ƙasan akwati ka ce ai akwai amana, wanda ya zo bayanka ya riga ka rajista zai ba ka wahala sosai a kotu.

Masu haɗa kuɗi, 'yan adashi ko 'yan uwa na waje, dan Allah kar a rubuta sunan mutum ɗaya saboda shi ne babba ko shi ne ke gida. Rai na hannun Allah, in ya faɗi magadansa za su ga sunan babansu kawai. A sa sunan kowa da kasonsa, ko a yi rajistar kamfani. Ƙanwar matata na gaya mata, Hajiya ko ni kar ki turo ma kuɗi sai kin ga sakamakon sac da idonki da sunanki a kan takarda.

Bayan an gama kuma kar ka dawo Accra ka kwanta. Filin da ba kowa a kai kiran ɓarayi yake, masu tifa za su shigo da dare su kwashe ƙasar sama su bar maka ramuka, wannan ya yi yawa a Gomoa da Awutu, samarin gari kuma za su zo neman kuɗin haƙa ranar da ka fara aiki. Kuma doka ta ce in wani ya zauna a filinka a fili kamar nasa har shekara 12 ba ka yi magana ba, ƙararka ta mutu. Kar ka ɗauko 'yan langad, wato 'yan daban gadin fili, dokar 2020 ta sa ɗaurin shekara 5 zuwa 15 a kan wannan harka, har da wanda ya ɗauke su, kuma yau suna gadin ka gobe su ne za su sayar da gefen filin. Mu abun da muka yi, mun share iyaka duka mun shuka kwakwa da dogon yaro a jere, muka yi ɗaki ɗaya da rumfar salla, muka ba wani magidanci ɗan garin eka uku yana noma rogonsa da rubutacciyar yarjejeniya cewa mai kula ne ba mai fili ba, ana sabunta ta duk shekara biyu. Ni kuma duk wata sai na je, in na tashi daga Kaneshie da asuba kafin cunkoson Kasoa ya taso, ƙarfe takwas ina can. Ina fara biyawa gidan shugaban dangi in gaishe shi, in an yi masu rasuwa mu je da gudummawarmu, da Sallah kuma mu kai nama, sannan in ɗauki adda in zaga pila takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya in share ciyawar da ta rufe su.